Albasar Alhaji Ɗanlasan

Wani mutum ne ana ce masa Malam Tasi'u Ɗangulbi, ma'aikaci a wata cibiyar binciken noman rani da ke gefen wani babban dam. In dai cika baki ake nema, to an zo gidansa. Gajere ne mai ɗan tumbi, kullum da biro uku a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi, kuma ba a taɓa ganin ya rubuta abin kirki da ko ɗaya ba. Shekara da shekaru yana karatun digirin dakta a wata jami'ar da babu wanda ya taɓa ganin ya nufi hanyarta. Duk wanda ya tambaye shi inda aka kwana, sai ya ce saura kaɗan. Har 'yan ofis suka laƙaba masa Dakta Saura-Kaɗan. Shi kuwa gogan da ya ji, sai ya yar da wutsiyar sunan ya riƙe kan, ya sa aka rubuta Dakta a ƙofar ofishinsa.

Iliminsa na ƙididdiga bai wuce abu guda ba. Ya tara lambobi, ya raba da yawansu, ya ce ga matsakaici. Da wannan yake ci, da shi yake sha. Amma ku same shi a rumfar mai shayi ta bakin cibiya da safe, ku ji ikon Allah. Cewa yake shi ba ya buƙatar kwamfuta, kwamfuta ce ke buƙatarsa. Cewa yake in ya hango gonar albasa daga kan babur zai faɗi buhun da za ta bayar, in kuwa aka samu saɓani to manomin ne ya ɓoye wasu. Har wani Bature, in ji shi, ya taɓa zubar da hawaye da ya ga yadda yake lissafi da ka. Mutane sun gaji da musu da shi. Sai su ce haka ne Dakta, su ci gaba da kurɓar shayinsu, shi kuma ya ɗauka sun sallama masa.

Ana nan sai Darakta ya tara ma'aikata. Sunansa Alhaji Namadi, dattijo ne mai sanyin magana, ba ya dariya sai ta kama dole. Ya ce za a buɗe sabon sashe na nazarin bayanai, mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki da mota tasa ta kansa, shugaban sashen kuma shi zai riƙa wakiltar cibiya a taruka har ƙasashen waje. Amma kafin nan an gayyato wata malamar jami'a, Dakta Rahanatu, ta zo ta koyar da wata sabuwar hanyar lissafi da manhajar da ake yin sa da ita. In an gama bitar, kowa zai kawo bayanan yankin da yake kula da shi, ya yi musu nazari da sabuwar hanyar a gaban jama'a. Wanda ya fi, kujerar tasa ce.

Tun ba a watse daga taron ba Tasi'u ya naɗa kansa. Ya je ya leƙa sabon ofishin, ya zauna a kujerar ya juya dama ya juya hagu. Ya kai wa tela shadda ya ce a yi masa babbar riga mai aikin hannu. Kafin magariba duk unguwarsu ta ji cewa an ba Dakta babban muƙami, saura sanarwa kawai. Surukinsa har ya tako ya zo ya yi masa addu'a, Tasi'u yana amin, amin, ko gezau.

Ranar da aka fara bita shi ne a kujerar gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Dakta Rahanatu doguwa ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma gaggawa. Ta ce musu manomi ba shi kaɗai yake a duniya ba. Manomi yana cikin ƙauye, ƙauye yana cikin gunduma. Mutanen ƙauye ɗaya ruwa ɗaya suke ban ruwa da shi, ƙasarsu ɗaya, dillalin taki ɗaya ne ke cutarsu. Don haka in ka zuba manoman jiha duka a tukunya guda ka fitar da matsakaici, ba za ka taɓa sanin ko ƙoƙarin mutum ne ya kawo albasa ko sa'ar garinsu ce ba. Wannan lissafin da ta kawo hawa-hawa yake. Yana ware maka bambancin da ya zo daga manomi, da wanda ya zo daga ƙauye, da wanda ya zo daga gunduma.

Tana magana Tasi'u yana gyaɗa kai tun ba ta kai ƙarshe ba. Sau biyu ya ƙarasa mata zance, sau biyun duka ya ƙarasa ba daidai ba. Can ya ɗaga hannu. Ba tambaya zai yi ba, sanarwa ce. Ya ce shi wannan hawa-hawan ya daɗe yana yin sa a ka, tun kafin a kawo kwamfuta cibiyar nan, suna ne kawai bai sa masa ba.

Dakta ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce madalla, sai ya riƙa taimaka wa na kusa da shi.

Aka ce kowa ya buɗe manhaja. Nan fa ake yin ta. Tasi'u ya saba da irin wadda ke da gidaje-gidaje, ka zuba lamba ka danna ta tara maka. Wannan kuwa farin allo ne fetal, da wani ɗan tsinke yana ƙifta masa ido, yana jira a rubuta masa umarni. Ya kwafi abin da Dakta ta rubuta. Ya danna. Jan rubutu ya fito. Ya goge ya sake. Jan rubutu, wannan karon layi uku. Ya sake, ta ƙara masa. A hankali ya sunkuyar da murfin kwamfutarsa don kada na baya su hango.

A gefensa akwai Malam Jafaru, abokin aikinsa, mutum marar jin kunyar tambaya. Minti kaɗan sai ka ji shi, Dakta ban gane ba, Dakta nawa ya yi ja, Dakta a maimaita. Tasi'u ya riƙa yi masa dariya da ƙarfi yana girgiza kai, alhali allonsa ya fi na Jafaru ja nesa ba kusa ba. Da ya buɗe baki sau ɗaya ya ce shi ma bai gane ba, da an nuna masa cewa wani ɗan waƙafi ne kawai yake tsallakewa. Amma mutumin da ya ce a ka yake yi, da wane baki zai tambaya? Ya rufe kwamfutar garam, ya ce na'urar ta yi wa ƙwaƙwalwarsa nauyin jiki.

Daga ranar ya canza salon zuwa bita. Yakan bayyana daidai lokacin shayi, ya ɓace, ya sake bayyana daidai lokacin da aka sauke kulolin shinkafa. Wanda ya tambaya sai ya ce Darakta ne ya ba shi wani aiki na musamman, ba na faɗa ba.

To ranar da ta fi dacewa ya zauna, ranar ce Dakta ta koya musu kwaikwayo. Wato ka ce wa manhaja ta ƙirƙiro maka gundumomi da ƙauyuka da manoma na ƙarya, kai da kanka ka san gaskiyar da ka binne a ciki, sannan ka saki lissafinka a kansu ka ga ko zai tono ta. Kamar mai koyon aski ne da ake ba shi duma ya fara a kai kafin a ba shi kan mutum. Ta nuna musu cewa duk lokacin da aka danna, manhajar sabuwar ƙuri'a take jefawa, kowane manomi ya tashi da sabon amfanin gona. Har da gangan ta bar wata ɓaraka a ciki, yadda wani lokacin amfanin zai faɗa ƙasa da sifili, don su koyi duba abin da na'ura ta ba su kafin su yarda da shi. Duk ajin suka yi ta dannawa suna dariya. A daidai wannan lokacin Tasi'u yana gindin dalbejiya da cinyar kaza biyu, yana yi wa direbobi bayanin yadda zai gyara sashen idan ya hau.

Da ranar gwaji ta matso, sai ya ga matsala biyu a gabansa. Manhaja ba ta jin maganarsa, wannan ɗaya. Na biyu ya fi muni. Lissafin nan ƙauyuka da yawa yake so, shi kuwa duk yankin da aka ba shi ƙauye uku kawai yake zuwa, waɗanda ke bakin kwalta, ɗaya ma garin surukansa ne, abin da yake kai shi can ba albasa ba ce. Ga babbar riga an gama ɗinki. Ga unguwa tana jira.

Sai ya shiga ofishin Jafaru da yamma, hannu a baya. Ya ce ya zo ya duba masa aikinsa ne don kada ya kunyata cibiya a gaban baƙi. Jafaru ya yi godiya, ya bar masa kwamfuta ya tafi sallar la'asar. Tasi'u ya yi ta buɗe-buɗe har ya faɗa kan wani fayil. Ya danna wurin da ya hango ana dannawa ta taga.

Sai ga abu yana zubowa, shaaa. Gundumomi, ƙauyuka goma sha biyu, manoma ɗaruruwa, kowa da buhunan albasarsa, ga zane-zane masu launi a gefe, babu jan rubutu ko ɗigo. Tasi'u ya riƙe baki. Nan take ya yanke hukunci. Ya ce lallai waɗannan bayanan wani gagarumin bincike ne da Dakta ta zo da su a ɓoye tana raba wa 'yan gaban goshinta, shi ya sa aka sakaya sunaye, aka ce ƙauye na ɗaya, ƙauye na biyu. Ashe haka ake yi masa? Har ransa ya ɓaci, shi da ya zo sata. Ya zura filashinsa na ajiyar bayanai ya kwashe fayil ɗin. Da Jafaru ya dawo ya ce masa aikin ba laifi, amma da sauran gyara.

A gida ya kulle ɗaki. Da yatsa ɗaya ya bi lambobin ƙauyukan nan yana sa musu suna. Ya zaɓi can bayan dam, inda mota ba ta shiga kuma babu ma'aikacin da ya taɓa damun kansa da zuwa. Rugar Tsamiya, Tudun Maƙera, Gidan Kada, Unguwar Ɓaure, haka dai ya yi ta haifar garuruwa. Ya rufe ido ya danna. Abu ya zubo lafiya lau. Ya yi hamdala, ya kai aka buga masa a takarda, ya kuma yi wa kansa alkawarin ba zai sake taɓa madannin nan ba, kada jan rubutu ya dawo. Wannan tsoron ne ya hana shi ganin abin da kowane ɗan aji ya sani.

Ya zauna ya haddace takardun kamar mai shirin musabaƙa. Rugar Tsamiya ce ta zo ta ɗaya. A cikinta kuma manomi na goma sha bakwai ya fi kowa, buhu casa'in da bakwai. Tasi'u ya ga bai dace gwarzo irin wannan ya zauna da lamba ba, ya raɗa masa Alhaji Ɗanlasan. Ya ba shi farar gemu. Ya ba shi ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, da jaki mai taurin kai. Kafin a jima 'yan rumfar mai shayi sun san Alhaji Ɗanlasan fiye da yadda suka san maƙwabtansu, shi kansa Tasi'u har kewar dattijon yake ji.

Ranar gwaji zaure ya cika. Darakta a tsakiya, Dakta Rahanatu a damansa, ga baƙi daga ma'aikatar gona da kwalaben ruwa a gabansu. Tasi'u ya shigo da babbar riga tana ƙamshin sabunta, ya nemi a bar shi a ƙarshe, ya ce ba ya so ya karya wa sauran gwiwa. Kowa ya tashi ya haɗa kwamfutarsa da majigi ya yi nasa. Jafaru ya yi in'ina, jan rubutu ya fito masa sau ɗaya a gaban kowa, ya share gumi ya gyara, ya kai ƙarshe da 'yan ƙauyukansa na gaskiya. Tasi'u ya yi tsaki a fili.

Da aka kira shi ya miƙe ya gyara riga, ya raba takardu. Ya fara da cewa shi ba ɗan zaman ofis ba ne. Ya ce don ya samo bayanan nan sai da ya ajiye babur, ya hau kwalekwale, ya sauka ya hau raƙumi, ya sauka ya taka. Ya ce a Gidan Kada sauro ya kusa ɗauke shi. Ya ce a Rugar Tsamiya kuwa albasa ɗaya sai an sa hannu biyu, kuma Alhaji Ɗanlasan da ya ji ga Dakta ya zo, rago ya kayar.

Takardu suna yawo, sai ƙus-ƙus ya tashi a baya. 'Yan aji sun gane zanen tun daga launinsa, kowa yana da irinsa a kwamfutarsa. Jafaru ya zaro ido ya buɗe baki zai yi magana. Dakta ta ɗan girgiza masa kai, ya haɗiye. Tasi'u ya ji ƙus-ƙus ɗin ya yi murmushi. Ya san hassada in ya ji ta.

Da ya gama, Dakta ta ce aiki ya yi kyau a takarda, saura ya sarrafa shi a majigi kamar yadda kowa ya yi. Alkawarin da ya yi wa kansa ya faɗo masa. Amma ya tuna madanni ɗaya ne, kuma sau biyu yana yi masa biyayya. Ya yi bismilla, ya danna, ƙwas.

Abu ya zubo, babu ja. Ya juyo yana washe baki.

Darakta ya dubi takarda, ya dubi allo, ya sake duban takarda.

"Malam Tasi'u, a nan ka rubuta Alhaji Ɗanlasan buhu casa'in da bakwai."

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. A gabana aka ɗinke su."

"A can kuma na ga goma sha ɗaya."

Tasi'u ya waiwaya. Goma sha ɗaya. Rugar Tsamiya da ke saman jadawali ta gangaro can ƙasa, Gidan Kada mai sauro ta haye. Amma bakin nan nasa ba ya jiran ƙwaƙwalwa. Ya ce ai abin da ya bambanta aikinsa da na sauran ke nan. Shi ya haɗa tasa manhajar da tauraron ɗan'adam, halin da ake ciki yanzu-yanzu take bayarwa. Takarda ta makon jiya ce. Zafin nan da aka yi ne ya shiga rumbun Alhaji.

"Ai albasa ce, ranka ya daɗe. Ba ta jira."

Darakta ya jinjina kai, ya ce Allah ya mayar masa da alheri. Sannan ya ce a sake dannawa a ga ko akwai sabon labari.

Tasi'u ya ce tauraron yana buƙatar hutu. Darakta ya ce a dai gwada. Ya danna da ɗan yatsa kamar mai taɓa garwashi.

Darakta ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Huɗu na gani. Wannan ɗan layin da ke gaban huɗun fa?"

"Alamar ragi ce, ranka ya daɗe."

"Wato ƙasa da sifili."

"Kusan haka."

"Mutum ya shuka albasa, ya yi ban ruwa, ya zo tonowa, ya samu babu, ya kuma samu ƙasa da babu da buhu huɗu?"

Gumi ya karyo wa Tasi'u har aikin hannun rigarsa ya jiƙe. Ya ce wanda bai je wurin ba ba zai gane ba. Ya ce gafiyoyin Rugar Tsamiya ba irin na nan ba ne. Ta ƙarƙashin ƙasa suke janye albasa, in sun gama da ta gona su bi rami har cikin gida su kwashe ta bara. Shi ya ga guda da idonsa, ta kai ɗan akuya. Wani baƙo daga ma'aikata da ya kai kwalba baki ya fesar da ruwan a kan teburi, ya shiga tari.

Tasi'u ya ce caji ya kusa ƙarewa, gara a tsaya nan. Ya kai hannu zai zare waya. Darakta ya riga shi tasowa. Dattijon nan da ko wasiƙar waya sai an karanta masa, ya zo ya tsaya a kan kwamfutar ya tambayi wane ne madannin. Rabin zauren suka nuna masa a tare. Ya danna. Alhaji Ɗanlasan buhu sittin. Ya danna. Buhu bakwai. Ya danna. Tamanin da biyu. Abin har ya fara yi masa daɗi.

"Malam Tasi'u, bawan Allahn nan tun da na miƙe tsaye ya yi arziki ya tsiyace ya sake yin arziki. Wane irin gari ne wannan?"

Tasi'u ya yi wuƙi-wuƙi. Ya dubi ƙofa, ta yi masa nisa. A nan ne mai hankali zai zube ya ce a yafe masa. Amma Dakta Rahanatu ta tambaye shi cikin taushin murya ko ya san Alhaji Ɗanlasan sosai, shi kuwa ya ɗauka igiyar ceto ta jefo masa, ya cafke da hannu biyu. Ya rantse ya maya. Ya ce a gidansa ya sauka, kwano ɗaya suka ci tuwo. Ya ce dagacin garin ma saboda ƙauna fili ya yanka masa a bakin ruwa, ya ce duk ranar da ya ga dama ya zo ya gina. In akwai ƙarya a ciki, in ji shi, kada ya tashi daga wurin nan.

Dakta ta taso ba tare da gaggawa ba. Ta ce a ɗan ba ta wuri. Ta hau can saman fayil ɗin, inda Tasi'u bai taɓa leƙawa ba, ta goge goma sha biyu ta rubuta ɗari biyu, ta danna. Allo ya ɓarke. Bayan garuruwansa goma sha biyu sai ga ƙauye na goma sha uku, na goma sha huɗu, na hamsin, na ɗari, suna ta gangarowa babu suna, kowanne cike da manoma da buhunansu.

"Waɗannan fa, Malam Tasi'u? Da raƙumi ka je su ko da kwalekwale?"

Bakin da bai taɓa mutuwa ba ya mutu.

Ta juya wajen Darakta ta yi masa bayani a taƙaice. Ta ce babu Rugar Tsamiya, babu gafiya, babu tauraro. Wannan darasin gwaji ne, manoman ƙarya ne da na'ura ke ƙirƙira don a koyi aiki a kansu, kuma ita ta haife su a ɗakin nan lokacin da Malam Tasi'u ya fita aiki na musamman. Sannan ta dubi aji ta ce duk wanda yake da manomi na goma sha bakwai a kwamfutarsa ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi reras, har da na Jafaru, wanda ya ɗaga nasa rabi saboda tausayi.

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta fashe. Wani ya kifa kai a teburi yana dukan sa. Wata ta fita da gudu da mayafi a baki. Daga baya wani ya ce a tambayi Dakta Tasi'u ya jikin jakin. Baƙon da ya fesar da ruwa hawaye yake sharewa da hularsa.

Tasi'u ya tattara sauran abin da ya rage masa na ƙarfin hali. Ya yi wata dariyar yaƙe, ya ce ai ya sani tun farko. Gwada su ya yi ya ga ko sun fahimci darasin, kuma alhamdu lillahi sun ci jarrabawa. Babu wanda ya ko kalle shi. Borin kunyar ya faɗi ƙasa shi kaɗai, ya tsaya a kansa da jiƙaƙƙiyar riga.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Alhaji Namadi. Ya koma kujerarsa, ya jira zaure ya lafa. Ya yi shawara da Dakta ƙasa-ƙasa, sannan ya sanar cewa Malam Jafaru ne shugaban sabon sashe, don shi ya tambaya har ya iya, kuma manomansa suna da gidajen da za a je a same su. Aka tafa. Tasi'u ya fara sulalewa ta gefen bango, filashinsa ma ya bar shi a jikin kwamfuta.

Darakta ya kira sunansa. Ya tsaya cak.

"Kada ka tafi da ɓacin rai, Malam Tasi'u, kai ma ba za mu bar ka haka ba. Cibiyar nan ba ta da malamin gona a Rugar Tsamiya, kuma duk cikinmu kai kaɗai ka san hanya, ga shi har fili gare ka. Daga Litinin can ne wurin aikinka. Albashinka ma can za a riƙa aika maka, sai ka karɓa a hannun Alhaji Ɗanlasan."